Yadda Ake Gano da Gyara Matsalar Waifai Idan Kiɗa Yana Yankewa a Lasifikar Gida

Idan waƙa ko karatu yana yankewa a lasifikar da ke karɓar sauti ta waifai, abin da yawancin mutane ke fara zargi shi ne ƙarancin gudun intanet, sai su ƙara kuɗin data ko su sayi sabuwar rauta, wato na'urar da ke watsa waifai a gida, daga baya kuma su tarar da matsalar tana nan inda suka bar ta. Ɗan lissafi ya isa ya nuna cewa an bar jaki ne ana dukan taiki. Sautin da ya kai ingancin faifan CD yana cin kilobit 1,411 a kowace daƙiƙa, wato bai kai megabit ɗaya da rabi ba, shi kuwa sautin kilobit 320 da manhajoji irin su Spotify ke aikowa bai cika rubu'in wannan ba. Ko tsohon tsarin waifai na 802.11g, wanda ya fito a 2003, gudunsa a rubuce ya kai megabit 54. Abin da kiɗa yake bukata shi ne saƙo ya riƙa isowa a kan kari ba tare da tsaiko ba, sannan wayar hannu da lasifika su iya ganin juna a cikin gida. Saboda haka aikin da ke gabanka shi ne gano gaɓar da ke kawo cikas, kuma sharaɗin aikin shi ne ka riƙa sauya abu ɗaya tak a lokaci guda kana gwadawa, domin wanda ya taɓa saiti biyar a tare ba zai san wanne ya gyara ba, ba zai kuma san wanne ya ƙara ɓatawa ba.

Mataki na farko: san hanyar da sautin yake bi

Kafin ka taɓa rauta, ka tabbatar da yadda sautin yake isa lasifikar, domin hanyoyin sun bambanta ƙwarai. Idan Bluetooth ne, rauta ba ta tsakanin waya da lasifika, tunda wayar ce ke aika sauti kai tsaye zuwa lasifika a tazarar da yawanci ba ta wuce mita goma ba. Idan AirPlay ne na kamfanin Apple, a mafi yawan lokuta sautin yana tashi daga wayar ya je rauta, sannan rauta ta miƙa shi ga lasifika, wato ya ratsa iska sau biyu, kuma raunin sabis a wurin da kake zaune da wayar zai iya yanke kiɗan ko da lasifikar tana manne da rauta. Spotify Connect kuwa, da Google Cast a yawancin manhajoji, aikinsu daban ne: wayar tana ba da umarni ne kawai kamar rimot, lasifikar da kanta take janyo kiɗan daga intanet.

Gwajin yana da sauƙi. Ka kunna waƙa, sannan ka kashe waifai da data na wayar gaba ɗaya. Idan kiɗan ya ci gaba, kuma ba ta Bluetooth aka haɗa su ba, to lasifikar ce ke janyo shi, kuma daga nan ka cire wayar daga cikin waɗanda ake zargi da yankewa.

Mataki na biyu: raba matsalar gida da matsalar waje

Wannan matakin ya fi kowanne muhimmanci, kuma shi aka fi tsallakewa. Akwai zance biyu da ake haɗawa wuri guda: hulɗar na'urorin gida da rauta, da kuma hulɗar rauta da kamfanin da ke ba ka intanet. Alamar waifai tana iya cika tam a fuskar waya alhali babu intanet, haka kuma intanet yana iya zama lafiya lau alhali lasifikar da ke ƙuryar ɗaki da ƙyar take jin rauta.

Ka ɗauki kwamfuta ka haɗa ta da waifai ɗin, ka zauna kusa da lasifikar. Ka nemo adireshin rautar, wanda galibi yake rubuce a ƙasanta ko bayanta, kuma yakan kasance 192.168.0.1 ko 192.168.1.1, ko kuma 192.168.8.1 a kan na'urorin Huawei da yawa. A kwamfuta mai Windows ka buɗe tagar umarni mai suna Command Prompt ka rubuta ping -t 192.168.1.1, ko adireshin da ya dace da taka, umarnin da ke auna lokacin da saƙo ke ɗauka ya je ya dawo, ka bar shi yana tafiya na minti biyar yayin da kiɗa yake tashi. A wata tagar kuma ka rubuta ping -t 8.8.8.8, wanda adireshi ne na Google da ke waje. A cikin gida mai lafiyayyen waifai amsa takan dawo cikin 'yan milisakan, wato kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa, yawanci ƙasa da goma. Idan tagar farko tana nuna lambobi ƙanana a daidai lokacin da ta biyu ke tsalle zuwa ɗaruruwa ko take cewa amsa ba ta zo ba, matsalar daga waje take, kuma babu wani juye-juyen saiti da zai magance ta, sai dai a gyara wurin da na'urar ke kama sabis ɗin kamfani, ko a tuntuɓi kamfanin. Idan kuwa tagogin biyu suna tuntuɓe a tare, laifin na cikin gida ne, sai a ci gaba da sauran matakai. Wanda ba shi da kwamfuta zai iya kwatanta wannan gwaji ta hanyar tura wa lasifikar waƙar da ke ajiye a cikin wayar, domin ita ba ta bukatar intanet, kuma idan ta yanke an san inda za a duba.

Mataki na uku: kashewa da kunnawa bisa tsari

A cire komai daga wuta na rabin minti. A fara kunna na'urar da ke kawo intanet, a bi ta da rauta, a jira minti biyu cikakku har fitilunta su tsaya, sannan a kunna lasifika, a ƙarshe a sake haɗa wayar. Jerin yana da dalili, za mu zo kansa a batun ɗauke wuta.

Mataki na huɗu: idan wayar ba ta ganin lasifikar

Nan ne aka fi shan wahala, domin komai yakan nuna kamar yana aiki: waya tana shiga intanet, fitilar lasifika tana nuna ta haɗu, amma sunanta ya ƙi bayyana a manhaja. Dalilin yana cikin yadda na'urorin suke neman juna. Lasifika ba ta san adireshin wayarka ba, don haka shela take yi ga duk wanda ke cikin gidan, kamar sanƙira a bakin kasuwa. AirPlay da Google Cast suna amfani da tsarin shela mai suna mDNS, wanda Apple ke kira Bonjour, na'urorin DLNA kuma suna amfani da SSDP. Irin wannan shela ba ta ƙetare iyakar tsarin sadarwa ɗaya, kuma abubuwa da dama suna iya toshe ta ba tare da sun taɓa intanet ba.

Ka fara duba adireshin da kowace na'ura ta samu. Idan wayar tana da 192.168.1.20, lasifikar kuma tana da 192.168.0.15, to ba a zaure ɗaya suke ba, ko da sunan waifai ɗin ya yi kama. Wannan yakan faru a gidan da aka jona rauta ta biyu a jikin na'urar da kamfanin intanet ya bayar, kowacce tana raba nata adireshin. Maganinsa shi ne a mayar da rauta ta biyun ta zama mai watsa waifai kawai, zaɓin da ake rubutawa Access Point a shafin saiti, ko kuma a kashe waifai na ɗaya daga cikinsu a tara dukkan na'urori a kan ɗaya. Idan kuma ka ga adireshin da ya fara da 169.254, ma'anarsa na'urar ta haɗu da rauta amma ba a ba ta adireshi ba, sai ta laƙaba wa kanta, kuma da irin wannan babu inda za ta je.

Bayan haka ka tabbatar babu ɗayansu da ke kan waifai na baƙi, domin an ƙirƙire shi ne musamman don hana na'urori ganin juna. Akwai kuma wani zaɓi mai irin wannan aiki da ake rubutawa AP Isolation ko Client Isolation, wanda ya kamata a kashe. Idan shafin saitin yana da IGMP Snooping, ka gwada sauya shi: a wasu rautoci kunna shi ne yake gyarawa, a wasu kuma kashe shi, kuma a ganina ɓata lokaci ne a tsaya muhawara kan wanne ya fi daidai tunda gwajin bai wuce minti uku ba.

Ita ma wayar tana da nata laifin. Manhajar VPN, wadda mutane da yawa ke kunnawa su manta, takan tura duk saƙonnin wayar ta wata hanya ta waje, sai wayar ta daina jin shelar da ake yi a gida. A iPhone, tun daga iOS 14 da ya fito a 2020, kowace manhaja sai ta nemi izini kafin ta ga na'urorin gida, kuma wanda ya danna ƙin yarda a ranar farko cikin gaggawa sai ya koma sashen sirri na saiti ya buɗe mata Local Network. A Android kuma manhajar saita lasifika takan bukaci izinin sanin wuri ko izinin ganin na'urorin da ke kusa. Wani abin lura shi ne, idan intanet na rauta ya yanke ko data ta ƙare, wasu wayoyin sukan koma kan datar layin waya a ɓoye, don haka yana da kyau a kashe datar wayar a lokacin gwaji.

Mataki na biyar: idan lasifikar ta ƙi hawa waifai ɗin

Masu sauraron rediyo sun san gajeren zango da matsakaicin zango, kuma waifai ma haka yake da zanguna. Zangon 2.4 GHz ya fi nisan tafiya da ratsa bango, amma cunkoso ya yi masa yawa. Zangon 5 GHz ya fi gudu da sarari, sai dai bango yana saurin karya shi. Lasifikoki da yawa, musamman tsofaffi da masu araha, zangon 2.4 kaɗai suke ji. Sababbin rautoci kuwa sukan haɗa zangunan biyu ƙarƙashin suna ɗaya, su zaɓa wa kowace na'ura inda za ta zauna, kuma wannan yakan rikita aikin saitawa na farko. Ka shiga saiti ka raba su, ka ba kowanne sunansa, ka ɗora wayar a kan na 2.4, sannan ka sake gwada saita lasifikar.

Sai batun tsaro. Tsarin WPA3 ya fito ne a 2018, kuma lasifikar da aka ƙera kafin nan galibi ba ta san shi ba, wasu ma sukan ƙi haɗuwa ko da an zaɓi gaurayen WPA2 da WPA3. A irin wannan hali a mayar da rautar kan WPA2 mai AES. Kada a cire kalmar sirri gaba ɗaya, kada kuma a koma tsohon WEP, wanda an daɗe da karya shi. Idan sunan waifai ko kalmar sirrin yana ɗauke da haruffa masu lanƙwasa irin su ƙ da ɗ, ko wasu alamomi na daban, a gwada sauya su da haruffa da lambobi na yau da kullum, domin ba kowace ƙaramar na'ura ce ke iya karanta su ba.

Akwai wata matsala da ta shafi masu sayen kayan hannu da aka shigo da su daga Amurka. Kowane zango an raba shi zuwa layuka masu lamba, waɗanda ake rubutawa Channel a shafin saiti, kuma na'urorin da aka ƙera don kasuwar can yawanci layi na 1 zuwa na 11 kawai suke gani a zangon 2.4, alhali rautar da aka saita don wasu ƙasashe tana iya zaɓar layi na 12 ko na 13 da kanta. Ranar da ta yi haka, lasifikar za ta daina ganin waifai ɗin kwata-kwata, wayoyin gidan kuwa suna aiki lafiya, sai a ɗauka lasifikar ce ta mutu. A zangon 5 ma akwai makamancin haka: layuka daga 52 zuwa 144 ana raba su da na'urorin rada masu hango jirage da yanayi, doka kuma ta tilasta wa rauta ta bar layin idan ta ji rada, wasu lasifikokin ma ba sa hawansu. Layuka 36 zuwa 48 su ne mafi kwanciyar hankali. Kuma tunda ana maganar kayan Amurka, a duba rubutun jikin cajar kafin a jona, domin wutar can volt 120 ce, tamu kuwa 230.

Masu amfani da ƙaramar na'urar MiFi su tuna cewa tana da iyakar adadin na'urorin da take ɗauka, kuma idan wayoyin 'yan gida da na maƙwabta sun cika gurbi, lasifika ce za ta rasa wuri.

Mataki na shida: idan ta haɗu amma sauti yana yankewa

Ka sauke manhajar auna ƙarfin waifai a wayar Android, ka tsaya daidai inda lasifikar take, ka karanta lambar. Ana auna ƙarfin da dBm, kuma lambobin suna da alamar ragi a gabansu, don haka -50 ya fi -70 ƙarfi nesa ba kusa ba. Ma'aunin da masu aikin sadarwa suka saba bi shi ne kada ya gaza -67 a wurin da ake son sauti ya tafi ba tangarɗa, idan kuwa ya kai -80 to da ƙyar ake riƙe da haɗin. Bangon bulo da siminti, musamman dakali mai rodi a ciki, da ƙofar ƙarfe, da firij, da babban madubi, da tankin ruwa, duk suna cinye sabis. Rautar da aka ɓoye a bayan talabijin ko aka ajiye a ƙasa cikin kabad ta yi asarar ƙarfinta tun kafin ya fita ɗakin. A ɗaga ta sama, a sa ta a fili kusa da tsakiyar gida, a tsayar da eriyoyinta a miƙe. Sau da yawa matsar da lasifika da taku biyu, ta yadda ƙofa ce tsakaninta da rauta maimakon bango biyu, ya fi duk wani saiti tasiri.

Idan ƙarfin yana da kyau amma har yanzu ana yankewa, cunkoso ne abin zargi. Layukan zangon 2.4 suna hawa kan juna, uku ne kawai ba sa taɓa juna: 1 da 6 da 11. Manhajar za ta nuna maka inda waifai na maƙwabta suka taru, sai ka zaɓi wanda ya fi sarari cikin ukun nan, ka kafe rautar a kansa, ka kuma sa faɗin layin a kan 20 MHz maimakon 40. Kada ka zaɓi layi na 3 ko na 9 da tunanin babu kowa a kai, domin wanda ya zauna a tsakiya hayaniyar ɓangarori biyu yake kwasa. Ba waifai kaɗai ke wannan zango ba. Na'urar ɗumama abinci ta maikirowef tana aiki a 2.45 GHz, Bluetooth ma a nan yake, kuma kebul ko ma'ajiyar bayanai ta USB 3.0 da aka jona a jikin rauta tana iya fitar da hayaniyar da ke danne shi. Idan kiɗa yana tsayawa ne duk lokacin da ake ɗumama abinci a kicin, an gama bincike. Lasifikar da ke jin zangon 5 kuma take ɗaki ɗaya ko na kusa da rauta, a mayar da ita can.

Gwajin da ke yanke hukunci shi ne na kebul. Idan lasifikar tana da ramin Ethernet, wato wurin jona kebul ɗin intanet, ka kawo ta kusa da rauta ka jona ta da kebul na yini guda. Idan yankewar ta daina, iska ce matsalar. Idan ta ci gaba, sai a koma kan intanet na waje, ko manhajar, ko lasifikar kanta.

Mataki na bakwai: duba abin da sauran mutanen gida ke yi

Abin da ya fi shaƙe layi shi ne aikawa, ba saukewa ba, tunda gudun aikawa yakan fi ƙanƙanta. Waya ɗaya da ke tura bidiyon biki ko take ajiye hotuna a intanet tana iya sa amsar ping ta tashi daga milisakan hamsin zuwa sama da dubu. Idan yankewar tana zuwa ne da dare lokacin da kowa ya dawo gida, ka sake gwajin mataki na biyu a daidai wannan lokaci. Rautar da ke da zaɓin QoS ko SQM a shafin saitinta tana iya raba gudun intanet tsakanin na'urori bisa adalci, kuma akan saita iyakar ta ɗan gaza ainihin gudun da ake samu. Rage ingancin sauti ma dabara ce mai amfani ga mai sayen data: kilobit 320 yana cin kusan megabait 144 a awa, ingancin CD ba tare da matsewa ba kuma kusan megabait 635. Ga masu AirPlay ko Bluetooth, a kashe tsarin tsimin batir na wayar, domin yakan dakatar da manhaja da zarar fuskar waya ta mutu.

Mataki na takwas: ɗauke wuta da zafi

Inda wuta ke zuwa tana tafiya, ko ake juyawa tsakanin janareta da wutar gari, akwai wata matsala da ke maimaita kanta. Wuta tana dawowa, lasifika ta farka cikin daƙiƙu kaɗan ta nemi waifai, rauta kuwa tana bukatar minti ɗaya ko biyu, sai wasu lasifikokin su gaji da nema su yi shiru har sai an sake kunna su. Bayan haka rautar tana iya raba adireshi sabo, manhaja kuma ta ci gaba da neman lasifikar a tsohon. Gyaran kashi biyu ne. Na ɗaya, a shiga sashen DHCP na saitin rauta, inda ake raba adireshi, a keɓe wa kowace lasifika adireshi na dindindin ta hanyar lambarta ta MAC, wadda ke rubuce a jikinta ko a cikin manhajarta. Na biyu, a ɗora rautar a kan inbata ko ƙaramin batirin ajiya da ake yi don rautoci, bayan an tabbatar ƙarfin wutarsa ya dace da abin da ke rubuce a jikin cajar, wanda sau da yawa volt 12 ne. A lokacin bazara kuma a taɓa jikin rautar: idan ta yi zafin da hannu ba ya son daɗewa a kai, a cire mata ƙyallen da aka lulluɓa don ƙura, a ɗauke ta daga kan dikoda ko inda rana ke bugu.

Mataki na tara: abin da ya cancanci a saya, da abin da za a bari sai ƙarshe

Sai bayan duk wannan ne ya kamata a yi maganar kashe kuɗi. Ƙaramar na'urar ƙara nisan waifai da ake maƙalawa a soket ita ce ta fi araha, amma mai rediyo ɗaya tana raba gudu biyu saboda da baki ɗaya take karɓa take kuma miƙawa, wasu kuma suna hana shelar neman lasifika wucewa. Idan dole sai an yi amfani da ita, a sa ta a tsakiyar hanya inda sabis ke da ƙarfi, kada a kai ta ɗakin da sabis ya riga ya mutu. Abin da ya fi inganci shi ne a ja kebul na Cat5e ko Cat6, wanda yake kai mita 100, zuwa sashen gidan da ke nesa, a ɗora mai watsa waifai na biyu a can, da suna ɗaya da kalmar sirri ɗaya amma a kan layi daban. Mai lasifikoki da yawa da ke tashi a tare ya sani cewa wadda ta fi raunin sabis tana iya jawo wa rukunin duka tsaiko, don haka ya riƙa cire su ɗaya bayan ɗaya har ya gano ta.

A sabunta manhajar cikin rauta da ta lasifika a lokacin da ake da tabbacin wuta ba za ta ɗauke ba, domin yankewar wuta a tsakiyar sabuntawa tana iya kashe na'ura. Mayar da na'ura yadda ta fito daga masana'anta shi ne makami na ƙarshe, kuma a fara da lasifika kafin rauta. Kafin a danna ɗan maɓallin da ke bayan rautar, a ɗauki hoton kowane shafi na saitinta, musamman suna da kalmar sirrin da kamfanin intanet ya bayar, sannan idan ta dawo a ba waifai ɗin ainihin tsohon sunansa da tsohuwar kalmar sirrinsa harafi da harafi, ta yadda sauran na'urorin gidan za su hau da kansu ba sai an bi su ɗaya bayan ɗaya ba.